Na saka Linux a laftof, wifi ya ɓace: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Tun da na fara saka wa mutane Linux, tsarin kwamfutar da ake sakawa a madadin Windows, a laftof ɗinsu, yawanci ɗalibai da 'yan uwa masu mashina 'yan gwanjo da Windows 11 ta ƙi hawa, ban ga abin da yake dawo min da mutum da wuri ba kamar wifi. Da safe mu rabu yana murna kwamfuta ta yi sauri kamar sabuwa, kafin magariba ya kira wai yaya ai abin nan babu wifi, ko alamar ma babu a saman allo. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoba 2025 kuwa masu zuwa suka ƙaru. Na gaji da maimaita magana ɗaya shi ya sa na tattara tambayoyin nan yadda ake yi min su. Misalaina na ire-iren Linux uku ne, Ubuntu da Linux Mint da Debian, don su na fi taɓawa, duk abin da na rubuta a layi shi kaɗai a taminal ake buga shi, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, kuma a kula da manya da ƙananan baƙaƙe don Linux ba ya yafe wannan.

Wai shin mene ne direba, kuma me ya sa a Windows wifi yana aiki amma a Linux babu?

A cikin laftof ɗinka akwai wani ɗan kati bai kai akwatin ashana ba, da wasu siraran wayoyi guda biyu, ko ɗaya, da suka bi ta maƙalin murfi suka hau bayan allo, su ne eriya. A kan katin akwai cif. Direba shi ne ɗan shirin da ya iya yaren wannan cif ɗin, shi yake tsakaninsa da sauran kwamfutar, ba direban mota ba kamar yadda wata gwaggona ta ɗauka ranar da ta ji ina cewa a waya direban ya ƙi tashi, har tana tambaya ko mun yi tafiya ne.

A Windows kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ya riga ya zuba direban tun daga masana'anta. A Linux kuwa yawancin direbobi a cikin kanel suke zuwa, wato zuciyar tsarin, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991. Idan kanel ɗinka ya san katinka shi kenan kana kunnawa wifi ya fito ba ka saka komai ba. Matsala tana zuwa ne ta hanya uku: ko kamfanin cif ɗin ya ƙi buɗe direbansa kamar yadda Broadcom ta daɗe tana yi, ko katin sabo ne kanel ɗinka tsoho, ko kuma direban yana nan amma babu famwiya, wato wani ɗan fayil da ake ɗora wa shi katin kansa duk lokacin da aka kunna, suna zaune a /lib/firmware. Direba ba famwiya kamar fitila ce ba batir.

Laftof ɗina HP ne, wane direba zan sauke?

To a nan ne kusan kowa yake ɓata. HP ba ta yin cif ɗin wifi, Dell ba ta yi, Lenovo ba ta yi, saya suke daga Intel, Realtek, Broadcom, Qualcomm Atheros da MediaTek. Laftof biyu masu suna ɗaya lamba ɗaya, ka buɗe cikinsu ka tarar ɗaya Intel ɗaya Realtek, balle 'yan gwanjo da ba ka san hannu nawa suka bi ba, wani mai gyara ya cire nagari ya saka wanda ya tsinta a akwatinsa. Saboda haka sunan da ke jikin murfi ba ya gaya maka komai. Buga wannan:

lspci -nnk | grep -iA3 net

Ka nemi layin da aka rubuta Network controller, shi ne wifi, shi kuma Ethernet controller na waya ne ka ƙyale shi. A ƙarshen layin za ka ga lamba kamar 14e4:4365 ko 10ec:c821. Kashin farko na kamfani ne: 8086 Intel, 14e4 Broadcom, 10ec Realtek, 168c Atheros, 14c3 MediaTek. Kashi na biyu shi ne ainihin katin. Wannan lambar ita ce katin ɗan ƙasan wifi ɗinka, da ita za ka yi bincike a intanet ba da sunan laftof ba. A ƙasa kaɗan idan ka ga Kernel driver in use da wani suna a gabansa, to akwai direban da ya riƙe katin, ciwon yana wani wajen. Idan babu wannan layin to lallai ba kowa a kujerar.

Idan bai fito a nan ba gwada lsusb, don akwai ƙananan laftof da katinsu ta USB aka haɗa shi a ciki.

Ina nanata wannan ne saboda mutum nawa suka zo min sun kwafi umarni goma sha daga bidiyo daban-daban, kowanne na wani katin ne, sun sha maganin ciwon da ba nasu ba, yanzu ciwo ya zama biyu. Gyaran ɓarnar ya fi asalin matsalar cin lokaci wallahi.

Linux ya ce wifi a kashe yake kuma maɓallin kunnawa ya ƙi dannuwa

Kafin ka zargi direba duba wannan:

rfkill list

Idan ka ga Soft blocked: yes, tsarin ne ya kashe shi, sai ka buga sudo rfkill unblock all ya buɗe (sudo shi yake ba umarni ikon mai gida a kan tsarin). Idan kuma Hard blocked: yes ne, to yawanci babu umarnin da zai buɗe shi, makunni ne na jikin mashin. Tsofaffin ThinkPad irin T420 da X220 da Dell Latitude irin E6420 suna da ɗan makunni a gefe da ake turawa, wani lokacin wajen cusa laftof a jaka ne yake gocewa mutum bai sani ba. HP EliteBook kuma maɓalli ne a saman kibod, ruwan lemo a kashe, fari ko shuɗi a kunne. Wasu kuma Fn ne da maɓallin da aka zana wa jirgin sama ko eriya. Na taɓa zama kusan awa biyu ina tonon fayiloli a wata Latitude, sai ƙanina da ko taminal bai sani ba ya zo ya tura makunnin da yatsa ya wuce abinsa, ban ce masa komai ba.

Akwai wasu Lenovo IdeaPad da ba su da makunnin ma amma suna nuna Hard blocked, wani ɓangaren kanel ne yake karanta ƙarya. Gwada sudo modprobe -r ideapad_laptop ka ga ko zai buɗe. Sannan ka leƙa BIOS ma, wato saitin mashin da ake shiga lokacin kunnawa kafin tsarin ya tashi, wani lokacin can aka kashe Wireless LAN ɗin.

Ka ce in sauke direba, da wane intanet ɗin tunda wifi ɗin ne babu?

Wayarka ta Android. Haɗa ta da laftof da wayar caja mai ɗaukar data, ba irin mai arhar nan mai caji kawai ba, ka shiga saitin hosfot ka kunna USB tethering. Linux zai ɗauke ta kamar an jona wayar intanet, ba sai an saka komai ba. Idan kana da rauta mai rami da igiyar Ethernet ma ya fi. Amma ka kula da datarka, ka buga sudo apt update kawai sannan ka saka abin da kake buƙata, kar ka danna sabunta komai da komai don zai iya cinye maka ɗaruruwan megabait a zama ɗaya.

A Linux Mint kuma kar ka goge filashin da ka yi instol da shi, Driver Manager yana iya ɗauko direban Broadcom daga cikinsa ba tare da intanet ba.

Nawa Broadcom ne, 14e4, kowa cewa yake na shiga uku

Ba ka shiga uku ba amma za ka ɗan sha wuya, don katunan Broadcom direbobinsu har kala huɗu ne, b43 da brcmsmac da brcmfmac waɗanda suke cikin kanel, sai wl na kamfanin wanda a rufe yake, kuma ba sa zama inuwa ɗaya. Hanya mafi sauƙi a Ubuntu ka buɗe Additional Drivers, a Mint Driver Manager, ka ga abin da ya ba ka.

Idan da hannu za ka yi to lambar nan ce za ta yi maka jagora. 14e4:4365, wato BCM43142 da ya cika ƙananan HP da Dell da Lenovo na wajejen 2013 zuwa 2015, wl kawai yake ji. Haka 14e4:43a0, BCM4360 na cikin tsofaffin MacBook Air. A Ubuntu 22.04 da Mint 21 sunan kunshin da za ka saka da sudo apt install shi ne bcmwl-kernel-source, a Ubuntu 24.04 da Debian kuma broadcom-sta-dkms, a Fedora, wani irin Linux ɗin, sai ka ƙara ma'ajiyar manhajoji ta RPM Fusion tukuna. Shi kuwa 14e4:4315, BCM4312 na tsofaffi sosai, b43 yana iya masa, famwiya kawai yake nema:

sudo apt install firmware-b43-installer

wannan kunshin da kansa yake zuwa intanet ya ɗauko fayilolin, don haka kar ka cire waya sai ya gama. 14e4:4727 kuma, BCM4313, yawanci brcmsmac yana riƙe shi tun daga farko.

Abin da ya kamata ka sani shi ne duk sanda ka saka wl, yana rubuta sunan sauran direbobin a jerin waɗanda aka hana tashi. To idan katinka ba na wl ba ne ka saka shi, ka kori mai aiki ka kawo wanda bai iya ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Cire shi da sudo apt purge da sunan kunshin, ka kashe ka kunna.

Wifi yana nan amma sai na manna laftof da MiFi yake kamawa, na matsa kaɗan ya tafi

Wannan na san shi kamar yunwar cikina. Ƙanwata tana da wata HP da katin Realtek RTL8723BE a ciki, a Windows tana ɗaki MiFi yana falo lafiya lau, da muka saka Mint sai ta zauna a ƙasa kusa da soket ɗin da MiFi yake caji, ta ɗora laftof a cinya, ta miƙe tsaye sandar sigina ta koma ɗaya. Wani mai gyara ya ce mata katin ne ya ƙone ta kawo kuɗin sabo. Katin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru katin yana da wajen jona eriya biyu, amma masu ƙera laftof ɗin don rage kuɗi waya ɗaya kawai suka saka, shi kuma direban Linux yana ta sauraro ta ramin da ba komai a ciki. Sai ka gaya masa wanda zai bi:

echo "options rtl8723be ant_sel=2" | sudo tee /etc/modprobe.d/rtl8723be.conf

Ka kashe ka kunna. In bai gyaru ba mayar da 2 ɗin 1, ɗaya daga ciki ne dai. A tata 2 ne, muna kunnawa sai ga sunayen wifi na maƙwabta har da na wani shago a bakin titi sun jeru, ta kalle ni kamar na yi tsibbu.

Wannan fa na RTL8723BE ne, kar mai wani katin ya kwafa. RTL8821CE, mai lamba 10ec:c821, wanda shi ma ya cika HP 'yan baya-bayan nan, labarinsa daban: da sai an ɗauko masa direba daga waje, amma daga kanel 5.9 direban rtw88 ya fara saninsa, don haka a Ubuntu 22.04 zuwa sama yawanci yana tashi da kansa. Idan yana ɗaukewa ko yana daskarewa, abin da ya fi yi min aiki shi ne in rubuta options rtw88_pci disable_aspm=1 a wani fayil cikin /etc/modprobe.d, sannan in kashe mashin ɗin gaba ɗaya, ba ristat ba, in sake kunnawa.

Idan kuma ka yi duk wannan sigina bai ƙaru ba kuma a Windows ma haka yake, buɗe bayan laftof ka duba, sau da yawa wayar eriyar ce ta fita ko ta tsinke a maƙalin murfi, musamman wanda aka taɓa canza wa allo.

Ai an ce Intel ba ya ba da matsala, to nawa Intel ne kuma babu

Gaskiya ne Intel su suka fi kowa, ma'aikatansu ne da kansu suke rubuta direbansu mai suna iwlwifi a cikin kanel. In ya ƙi to duba abu uku. Na farko famwiya:

sudo dmesg | grep -i firmware

Idan ka ga failed with error -2, ma'anarsa ya nemi fayil bai samu ba. Amma kar ka firgita da layi ɗaya ko biyu, iwlwifi yana fara neman sabon fayil ne yana saukowa har ya samu wanda yake akwai, in a ƙarshe ya ce loaded firmware to lafiya. A Ubuntu da Mint kunshin linux-firmware ne, a Debian firmware-iwlwifi. Da can Debian ba ta saka irin waɗannan fayilolin a faifanta saboda ba buɗaɗɗu ba ne, mutane suka sha wahala shekara da shekaru, sai daga Debian 12 a watan Yuni 2023 aka fara haɗo su. In har yanzu tsohon filashin Debian 11 kake yawo da shi ga dalilinka nan.

Na biyu shekarun kanel, buga uname -r ka gani. Katin Intel AX200 yana son kanel 5.1 zuwa sama, AX210 yana son 5.10, MT7921 na MediaTek 5.12. Sabon laftof da tsohon Linux ba sa shiri, ka nemi sabon fitowa kawai, ko a Ubuntu ka saka kanel ɗin HWE, wato sabon kanel da suke kawo wa tsohon fitowa.

Na uku, in kana da Windows a gefe. Tun Windows 8 akwai abin da suke kira Fast Startup, ka danna kashewa amma ba mutuwa take ba, dogon suma take yi, ta bar katin a wani hali da Linux zai zo ya same shi ya kasa tashinsa. Shiga Windows ka kashe shi a Power Options, ko ka riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down. Alamarsa ita ce wifi yau akwai gobe babu, kuma in ka lura ranar da babu ɗin daga Windows ka fito.

Na saka direban, ya ce ya gama, na yi ristat, shiru

Secure Boot ne, wani tsaro da ke cikin BIOS, sau tara cikin goma a abin da na gani. Duba da mokutil --sb-state. Idan a kunne yake, kanel ba zai karɓi direban da aka haɗa a kan mashin ɗinka ba sai da sa hannu, in ka gwada sudo modprobe wl zai ce maka Key was rejected by service. Lokacin da kake saka direban ai ya tambaye ka wata sabuwar kalmar sirri, da ka yi ristat kuma wani shuɗin allo ya fito, ka tsorata ka danna Continue boot ko ka bar shi ya wuce da kansa, ko ba haka aka yi ba? To wannan allon shi ne wajen. Enroll MOK ake zaɓa, sai Continue, sai Yes, sai ka buga kalmar nan, ba za ka ga tana fitowa ba amma tana shiga.

Ko kuma ka shiga BIOS ka kashe Secure Boot ɗin ka huta. Sai dai in akwai Windows mai BitLocker a mashin ɗin, wato mai kulle faifan ajiya, nemo makullin ceto ka ajiye tukuna don tana iya tambayarka shi, in ba ka da shi kuwa kuka ya same ka.

Jiya yana aiki, na yi ofdet, yau ya ɓace

Tambayar farko, an ɗauke wuta ana cikin yi? Laftof ɗinmu da yawa batirin ya mutu, caja ce ransu, NEPA ta yi halinta a tsakiyar ofdet sai ka tashi da sabon kanel rabi da rabi. A yawancin fitowar Ubuntu direbobin wifi da yawa suna cikin wani kunshi daban mai suna linux-modules-extra, in kanel ya shiga shi bai shiga ba, wifi ya tafi, wani lokacin har da sauti.

Lokacin kunnawa riƙe Shift ko ka dinga taɓa Esc har jerin GRUB ya fito, wato allon zaɓar abin da zai tashi, shiga Advanced options ka zaɓi kanel na baya, da shi wifi zai dawo. Daga nan:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt -f install

su ƙarasa abin da ya tsaya.

Idan ba wuta ba ce, to direbanka daga waje ka ɗauko shi, irin na shafin GitHub da ake haɗawa da umarnin make da make install. Wannan don kanel ɗaya aka ɗinka shi, an canza kanel riga ta daina shiga. Shi ya sa nake cewa in dole sai ka ɗauko daga waje to ka nemi mai DKMS, shi yana sake ɗinka kansa duk sanda sabon kanel ya zo, muddin akwai kunshin linux-headers. Buga dkms status ka ga ko ya yi. Kuma don Allah ka duba yaushe rabon da a taɓa ma'ajiyar kafin ka kwafa, direban da aka watsar shekara biyar ba zai haɗu da kanel na bana ba, kuma duk abin da ka ba sudo ka ba shi makullin gidanka ne.

Yana haɗuwa amma bayan 'yan mintuna ya yanke, musamman in na cire caja

Tsimin batir ne, katin yana gyangyaɗi. Buɗe wannan fayil ɗin:

sudo nano /etc/NetworkManager/conf.d/default-wifi-powersave-on.conf

inda aka rubuta wifi.powersave = 3 mayar da shi 2, ka adana, sai sudo systemctl restart NetworkManager. Batir zai ɗan rage daɗewa kaɗan. Amma kafin nan ka tabbata ba sabis ɗin layinka ne yake wasa da kai ba, in alamar wifi tana nan cike shafi ne kawai ba ya buɗewa, duba wayarka ma, ƙila ba laifin Linux ba ne ko data ce ta ƙare.

Yana ganin wifi na kowa banda hosfot ɗin wayata

Direba lafiya yake tunda yana gani. Sabbin wayoyi suna iya buɗe hosfot a 5 GHz, tsofaffin katuna irin BCM43142 da RTL8723BE kuwa 2.4 GHz kawai suke ji, ko kusa ba za su gan shi ba. Shiga saitin hosfot ka mayar 2.4, a iPhone Maximize Compatibility ake kunnawa. In yana gani amma ya ƙi shiga, duba tsaron, in WPA3 ne mayar WPA2.

Akwai kuma maganar tasha. A 2.4 GHz Amurka tasha 1 zuwa 11 ta yarda da su, ƙasashe da yawa har 13, to in rauta ta zauna a 12 ko 13 katin kuma yana ɗauka a Amurka yake, ba zai leƙa can ba. iw reg get zai nuna maka ƙasar da yake zato, sudo iw reg set NG ya gaya masa Najeriya, NE Nijar, GH Gana, CM Kamaru. Yana mantawa in an kashe, kuma sabbin katunan Intel su suke yanke wa kansu hukunci ba sa jin wannan, don haka ni na fi son kawai in mayar da rautar tasha 1 ko 6 ko 11 kowa ya huta.

Ba zan iya wannan wahalar ba, in sayi ɗan dongul na USB kawai?

Ba laifi, ɗan katin wifi ne da ake sokawa ta waje, ni ma akwai guda a aljihun jakata kullum. Amma nan ma cif ake saya ba kwali ba. Misali TP-Link TL-WN722N, fitowar farko Atheros AR9271 ne a ciki, ka soka ya kama, fitowa ta biyu da ta uku kuwa suna ɗaya kamanni ɗaya amma Realtek ne, an sha kuka da su. Ƙananan marasa suna masu MT7601U suna aiki tun kanel 4.2 ba sai an saka komai ba, arha kuma, sai dai 2.4 ne kawai. Masu RTL8812AU da danginsa sun shafe shekaru sai da direban waje. Rubutun "yana aiki da Linux" a jikin kwali kar ka ba shi muhimmanci, sau da yawa nufinsu akwai wani tsohon direba a faifan ciki. Ɗauki laftof ɗinka ka je da shi kasuwa, a soka a gabanka, gani ya kori ji.

Wani abin dariya, wasu dongul in ka soka sai su fito a matsayin faifan CD mai direban Windows, a lsusb ka ga 0bda:1a2b. Saka usb-modeswitch shi yake juya su su koma wifi.

To canza katin na ciki fa?

In laftof ɗin naka ne na zama, wannan shi ne gyaran da na fi so, a cire Broadcom ko Realtek a saka Intel a rufe babin. Dunƙule ɗaya ne da wayoyin eriya, a hankali ake ɓalle su don kawunansu ƙanana ne, kuma a cire batir tukuna. Ka duba irin ramin, tsofaffi mini PCIe ne sababbi M.2, ba sa shiga na juna. A M.2 ka nemi AX200 ko AX210, banda AX201 don shi sai da wasu furosesa na Intel yake aiki. Sai dai tsofaffin ThinkPad irin T420 da T430 da wasu HP na zamaninsu BIOS ɗinsu yana da jerin katunan da ya yarda da su, ka saka baƙo ya tsaya da kuskure mai lamba 1802 a Lenovo ya ƙi ko tashi. Irin waɗannan sai ka nemo katin da aka ciro daga irin mashin ɗin. Wasu siraran laftof na yanzu kuma an liƙe cif ɗin a jikin bod, babu abin cirewa.

Na saka Kali a VirtualBox, ba ya ganin wifi, wane direba ne?

Babu. Kali wani irin Linux ne, VirtualBox kuma manhaja ce mai kunna wani tsarin a cikin wanda kake kai, kuma duk abin da yake cikinta ba ya ganin katinka na ciki, waya ta ƙarya ake nuna masa, intanet yana zuwa amma wlan0, wato katin wifi, ba zai fito ba ko ka sauke direba ɗari. Sai dongul na USB da za ka miƙa masa. Kuma in wifi ɗin maƙwabci ne a ranka, ƙanina ka sayi data.

Ban saka Linux ɗin ba tukuna, ya zan kauce wa duk wannan?

Tashi mashin ɗin daga filash ka zaɓi gwadawa ba instol ba. In wifi ya kama a nan har ka buɗe shafi, zai kama bayan ka saka. In bai kama ba, buga lspci ɗin nan tun a nan ka rubuta lambar a takarda, ka tanadi wayar USB da data. Wajen instol kuma akwai akwatin da yake tambaya ko a saka kayan wasu kamfanoni na hoto da wifi, mutane suna tsallake shi don ba su karanta ba, danna shi.

Na gwada duka bai yi ba, me zan turo wa wanda zai taimaka min?

Banda "wifi na ba ya yi" don Allah, da hoton murfin laftof. Turo sunan Linux ɗin da lambarsa, da abin da waɗannan suka fitar:

uname -r
lspci -nnk | grep -iA3 net
lsusb
rfkill list
nmcli device
mokutil --sb-state
sudo dmesg | grep -iE "firmware|wlan|iwl|rtw|brcm|ath"

Ka faɗi ko akwai Windows a gefe, sannan ka faɗi gaskiyar duk abin da ka riga ka kwafa ka buga ko da kana jin kunya, in ka manta buga history zai tuno maka su a jere, ls /etc/modprobe.d kuma ya nuna fayilolin da ka zuba. In hoto za ka ɗauka da waya, goge kyamarar ka matso kusa yadda lambar nan mai ɗigo biyu a tsakiya za ta karantu, don ita zan fara nema.